Babi na Shida: Zaɓen Launin Jig Gwargwadon Ruwa

Darasi na 1: Sanin jig

Jig koton ƙarya ne. Sassansa uku ne: kai na dalma, ƙugiya manne da kan, sai siraran zaren roba da suka rufe ƙugiyar kamar buje. Idan muka ce launin jig, launin wannan zaren roban muke nufi. Masu fatsa a Amurka da jig suke kama bass, kifi mai farautar ƙananan kifaye da halittun ruwa masu ɓawo. Wanda aka fi ɗaurawa nauyinsa giram 10 zuwa 14 ne.

Darasi na 2: Auna ruwa

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Ba a zaɓen launi sai an auna ruwa.

Ɗaura farin jig a zarenka. Sauke shi cikin ruwa a gefen kwalekwale, kaɗan-kaɗan, idonka a kansa. Da zarar ka daina ganinsa, tsaya. Kama zaren da yatsu biyu daidai inda ya taɓa saman ruwa. Kada ka saki. Ɗago shi, ka auna daga yatsunka zuwa jig ɗin.

Idan bai kai santimita 30 ba, ruwan laka ne. Daga 30 zuwa 120, ruwa ne mai ɗan duhu. Idan ya wuce 120, ruwa garau ne. Ba ka da abin awo? Ba komai. Kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan santimita 45 ne.

Mu sake. Fari ake saukewa, domin shi ya fi daɗewa ido na ganinsa. Ka tsaya inda ya ɓace. Ka kama zaren a saman ruwa, ba a bakin sandar fatsa ba. In ka rikice a karon farko, sake yi, hannu zai saba.

Kuma awon jiya ba na yau ba ne. Ruwan sama na dare ɗaya yana iya kwaso laka ya dagula tafki. Ko ka matsa kusa da bakin rafi, sake aunawa.

Darasi na 3: Launi

A ruwa garau kifi yana ganin komai sarai, launi mai ƙyalli na iya sa shi ja da baya. Ɗaura kore mai duhu ko ruwan ƙasa, irin launin abincinsa.

A ruwa mai ɗan duhu, koren dai, amma mai ratsin ruwan goro ko ruwan ɗorawa, don ya hango shi.

A ruwan laka, baƙi da shuɗi. Masu koyo sukan yi gardama a nan, wai yaya za a ga baƙi a cikin duhu? Kifi ba ado yake kallo ba, inuwar abu yake gani, kuma baƙi ne ya fi fitar da inuwa. Wanda ya buɗe akwati ya ɗauki launin da ya burge shi, bai auna ruwa ba, kada ya zo yana cewa yau kifi ba ya ci. An faɗa, an maimaita. Haba! Awon da ba ya cin minti biyu?

Darasi na 4: Rana da hadari

In gari ya lumshe, ko da asuba da magariba, ƙara duhun launi. In rana ta take, rage duhun launi. Ka fara da auna ruwa.

Darasi na 5: Zurfi

Jan launi ne yake fara dushewa yayin da jig ke nutsewa. A wuri mai zurfi kada ka dogara da shi.

Darasi na 6: Aiki

Je bakin ruwa mafi kusa da kai. Auna wuri uku. Rubuta awon da launin da ya dace a littafinka, ka kawo aji.