Kurakuran da ke lalata tsohon katakon bango a gidajen Ingila

A tsofaffin gidajen masu ƙasa na Ingila, irin su The Vyne da ke Hamsha, akwai ɗakunan da aka lulluɓe bangonsu da katakon oak, wani itace mai ƙarfi, tun wajen 1520. Abin da shekara 500 ba ta ci ba, mai gyara mai zumuɗi kan gama da shi a mako guda.

Babban kuskure shi ne ɗaure katakon tamau. Kafintocin zamanin da, ba banza suka bar allunan sakwa-sakwa ba: kowane allo zaune yake cikin tsagin firam, ba gam, firam ɗin kuma turakun itace ne suka riƙe shi. Katako yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa, kamar ƙofar da ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Ka liƙe allon da gam ko ka cusa siminti a tsagin, ranar da zai motsa bai samu wuri ba sai ya tsage gida biyu. Gyaran shi ne a kankare abin da aka cusa a hankali, tsagewar kuma a cike ta da siririn oak. Ƙusar baƙin ƙarfe ma a guje ta, don sinadarin tanin da ke jikin oak yana haɗuwa da ƙarfe ya bar baƙin tabo. A sa ta tagulla.

Sai masu son ƙyalli. Gurza da samfefa yana share sawun sassaƙa da burbushin tsohon fenti, kuma ba sa dawowa. Man feshi mai silikon yana barin wani maiƙo mai wuyar fita. Buroshi mai laushi da ɗan kakin zuma sau ɗaya a shekara sun wadatar, wani lokacin ma sun yi yawa.

Hita kusa da bango tana busar da katako. A riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 65 cikin ɗari.

In an ga ƙananan huji da sabon gari a ƙasa, ƙwaro ne, amma kafin a ruga sayen magani a duba indararo da bayan katakon, domin jiƙaƙƙen itace yake bi.

Kuma in gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, cire ko sauya katakon ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, laifi ne a dokar gine-ginen tarihi ta 1990, ko da kai ne mai gidan.