Yadda na samu wurin shimfiɗa tabarma a barandarmu

Barandar gidanmu a Ƙofar Ƙaura ba ta wuce taku huɗu ba, tukwane goma sha ɗaya na shuke-shuken alobera, moda da kariya sun cinye ta. Da farko na haɗe su duka a babban baho na roba. Wuri ya samu, amma ruwan Agusta ya kwanta a ciki, saiwar alobera ta ruɓe, ganyen ya yi laushi. Na ƙara taki ina zaton yunwa ce, abin ya ƙara lalacewa.

Sai na sa kafinta ya yi min kanta mai hawa uku kamar matakala, faɗin kowane katako santimita 25, na jingina ta da bangon da ke samun hantsi kawai. Na koma tukwanen ƙasa, na huda gindin kowace, na ɗora katangar fasasshiyar tukunya a kan hujin. Haɗin ƙasar shi ne yashi mai gautsi kwano biyu, ƙasar lambu kwano ɗaya, dakakken gawayi rabin kwano. Na yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, na bar su kwana uku a inuwa kafin dashe.

Moda tana jure inuwa, ita ce a ƙasa. Alobera a tsakiya, uku-uku a tukunya mai faɗi. Kariya a can sama, don tana son rana, kuma ruwanta dafi ne, gara ta yi nesa da hannun yara. Ba na ba su ruwa sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙarau.

Alhamdu lillahi, jiya a barandar muka sha shayi.