Yadda mai ba da shawara zai tafiyar da sauyi a ƙungiyar manoma

Idan ƙungiyar manoma ta Hausawa a Maiurno ko Gadarif da ke ƙasar Sudan ta gayyace ka domin gyara tsarin tafiyar da harkokinta, kada ka fara da kiran babban taro. Ka fara zuwa gaida sarki da limami, domin baƙon da ya tsallake su zai iske kowa yana amsa masa da "to" alhali babu wanda ya yarda.

Daga nan ka keɓe da shugaban ƙungiyar, ku daddale abu guda: waɗanne hukunce-hukunce ne ya amince membobi su yanke da kansu, waɗanne kuma zai riƙe? Wannan zaman ya fi kowane muhimmanci a wurina, saboda babu abin da ke kashe gwiwar jama'a kamar a nemi ra'ayinsu a kan maganar da aka riga aka gama. Idan ya nuna ɗari-ɗari, ka tuna masa cikin ladabi cewa Allah ya umarci Manzonsa (SAW) da yin shawara a aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana.

Sai ka ɗauki kwanaki kana bin waɗanda ba sa magana a taro: ma'aji, mata masu adashe, samari, da 'yan ƙwadagon da ke yini a gona. Ka zauna inda suke, ka sha shayinsu, ka tambayi kowa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Sau da yawa a nan za ka gane cewa rigimar da aka ce ta kuɗin shiga ce, asalinta wanda ake fara ba taraktar haya ne idan damina ta faɗi.

Wannan hanya tana da hujja. A 1948 Lester Coch da John French sun wallafa binciken da suka yi a wata masana'antar ɗinki a jihar Bajiniya ta Amurka, inda ma'aikatan da aka tsara sauyin aiki tare da su suka farfaɗo da sauri, waɗanda kuwa aka sanar da su kawai aikinsu ya ja baya, wasu ma suka ajiye shi. Amma shigar da mutane kaɗai ba ta wadatarwa. Dokar 2005 ta Shirin Noman Jazira, wato babban shirin noman ban-ruwa na Sudan, ta miƙa kula da ƙananan magudanan ruwa ga ƙungiyoyin manoma, kuma koken da ya yawaita daga baya shi ne an ɗora musu nauyi ba tare da isassun kuɗi da horo ba. Saboda haka duk aikin da za a miƙa, a miƙa shi da kayan yinsa.

Ranar taro ka raba jama'a rukuni-rukuni, mata da nasu zaman, sannan ka roƙi dattawa su yi magana a ƙarshe. Kana iya cewa, "Baba Alhaji, a bari yara su fara, ku kuma ku gyara mana," domin idan babba ya riga ya furta, saurayi ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba. A rubuta abin da aka cimma da Larabci, a karanta shi da Hausa, a ambaci wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kawo bayani.

A gwada sabon tsarin na damina ɗaya a kan abu guda, misali jerin amfani da tarakta. Bayan girbi a sake zama a duba, amma wannan karon ɗaya daga cikin membobi ne zai jagoranci zaman, kai kuma ka zauna a baya da littafinka.