Kurakuran da ke kashe labarin kasada na yara da matasa

Masu rubuta wa yara labarin kasada da Hausa ba su rasa jigo mai daɗi: taswira a ƙasan adakar kaka, kogo a bayan gari, kuɗin da suka ɓace a makarantar kwana. Inda ake faɗuwa shi ne raini. Ana raina yaron da ke cikin labarin, ana kuma raina wanda ya riƙe littafin.

Mafi muni shi ne a kai jarumi bakin halaka, sai ga kawu da 'yan sanda, ko wani aljani da ba a taɓa ambata ba, ya zo ya cece shi. A ce jarumar yarinya ce: mai karatu ya bi ta shafi tamanin don ya ga yadda za ta fitar da kanta, sai aka ƙwace mata nasarar. Gyaran yana farkon littafi. Duk abin da zai kuɓutar da ita a babin ƙarshe, a sa shi a hannunta tun babi na biyu ko na uku. In za ta kwance igiya cikin duhu, a nuna ta da wuri tana ɗaure awakin gidansu, ta san ƙullin da ke zarcewa da wanda ba ya zarcewa. Manya su iso, amma bayan ta gama aikin. Kada kuma a manta da waya, don tambayar farko da yaron yanzu zai yi ita ce, me ya hana ta kira gida? A ba shi amsa tun kafin ya tambaya: makaranta ta hana riƙe waya, ko babu sabis a dajin.

Labarin bincike ya fi kowane buƙatar lissafi, a nan ne kuma aka fi yin ha'inci. Marubuci ya fara rubutu bai san wa ya yi satar ba, da ya ƙure sai ya jawo wani baƙo a shafin ƙarshe ya ɗora masa. Daga ƙarshe ake tsara irin wannan labari. A ɗauki takarda guda a rubuta wanda ya yi laifin, da lokacin, da dalili, da inda kowa yake a wannan sa'a. Waɗanda ake zargi kada su wuce uku ko huɗu, mai laifin kuma ya bayyana kafin a ci kashi ɗaya cikin uku na littafin. Alamun gaskiya uku sun isa, da ɗaya ko biyu na ɓad da sawu. Alama mai kyau ita ce wadda take a fili amma ido ya wuce ta. Misali, babi na farko ya nuna gari ana murnar ganin watan azumi. Kwana biyu bayan haka wani ya rantse cewa da tsakar dare ya ga fuskar ɓarawon da hasken farin wata. Jinjirin wata ba ya daɗewa bayan magariba yake faɗuwa, saboda haka mutumin ƙarya yake yi. Yaron da ya gano wannan da kansa zai nemi littafinka na gaba.

Sai nisa da yanayi. Tsakanin Kano da Zariya kamar kilomita 150 ne, raƙumi mai kaya kuwa abin da yake ci a yini bai cika wuce 30 zuwa 40 ba. Ayarin da ya tashi da asuba ya isa da la'asar, mota ya hau. Ayarin gishiri daga yankin Agadas zuwa Bilma bayan damina yake tashi, in zafi ya sauka, kuma tafiyar makonni ce a cikin hamadar Tenere. A buɗe taswira, a auna, a rubuta kwanakin tafiya a gefe. Ko wurin da aka sani ma a bincika: ruwan Wikki na Yankari mai ɗumi ne rani da damina, jarumin da ya faɗa ciki yana kakkarwar sanyi ya tona asirin marubucinsa.

Masu rubuta tarihin jarumai na gaske kuskurensu daban ne: suna cakuɗa abin da ya tabbata da abin da aka ji a baka. Yawancin labarin Sarauniya Amina ta Zazzau daga baka ya zo, to a ce “ana cewa”, yara ba sa gudun wannan. Ana kuma maimaita mutum biyu ko uku kullum, alhali ga irin su Dorugu, yaron Bahaushe da aka kama bawa, ya sami 'yanci, ya bi Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, cikin tafiye-tafiyensa har Ingila a 1855, aka kuma rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. In an ƙirƙiri hira a bakin mutumin tarihi, a faɗa a gabatarwa.

Wa'azi a shafin ƙarshe, a cire shi. In jarumi ya shiga tsohuwar rijiya, a nuna numfashinsa yana ɗaukewa saboda gurɓatacciyar iskar ƙasa. Wannan ya fi “yara kada ku kwaikwaya” tsoratarwa.

Girman littafi ma yana korar yara. Ga 'yan shekara 8 zuwa 12, babi ya tsaya tsakanin kalmomi 800 da 1,200, a yanke shi daidai inda ake ɗokin jin abin da zai biyo baya. Jarumi ya girmi mai karatu da shekara ɗaya ko biyu. Kada a buɗe da asalin gari da jerin sarakunansa, matsala ta kunno kai a shafi na farko ko na biyu. Wajen bugu, girman harafi ya kai 13 ko 14, a kuma karɓi samfuri daga maɗaba'a a duba ƙ, ɗ da ɓ, don wasu nau'in haruffan kwamfuta suna mayar da su akwati ko su shafe lanƙwasar.

Kafin a kai maɗaba'a, a karanta wa yara biyar babi uku da babbar murya. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. A riƙe fensir, duk inda ɗaya ya fara waige-waige a sa alama a gefen shafin, a koma a rage wurin.