Ga masu shirin intabiyun safiyo

Salamu alaikum 'yan'uwa. Mai shirin zama gaban kwamitin RICS (ƙungiyar ƙwararrun safiyo mai hedkwata a Birtaniya) don intabiyun zama cikakken mamba, kada ya yi rajista don "gwada sa'a". Fara karanta ƙa'idarsu kan sake zama bayan faɗuwa, don kowane zama kuɗi ne da watanni.

Intabiyun awa ɗaya ne, minti 10 na farko kai ke gabatar da aikinka. Nan na yi tuntuɓe, ina ta zuba har aka katse ni. Da nake shirin karo na biyu, a ɗakina a unguwar Nima ta Accra, na ajiye agogo gabana, wani babban yaya a sana'ar yana yi mini tambayoyi kan ɗa'ar aiki har na gaji. Ta intanet ake yin intabiyun, ku cika cajin kwamfuta saboda dumso, wato ɗauke wutar lantarki.