Yadda na gyara kaifin askata da dutse mai araha

Mako uku askar nan tana jan gashi, gemuna sai zafi. Na ɗauka sai na sayi dutsen wasa mai lamba 12000 (yawan lambar, yawan santsin dutsen), har na fara tara kuɗi. Na yi ta goga ta a fatar wasa aska, a banza.

Ashe dutsen da nake da shi, samfurin King mai fuska biyu, 1000 da 6000, ya yi rami a tsakiya, shi ya sa bakin askar bai yi kaifi ba. Na zana layuka da fensir a kansa, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 220 a kan gilashi, na goga har layukan suka ɓace. Na jiƙa dutsen minti goma, na shafa baƙar maka a bakin askar.

A fuskar 1000 na fi daɗewa, kusan minti arba'in: bayan askar da bakinta duka kwance a kan dutse, baki a gaba, ba dannawa, har tawadar ta goge gaba ɗaya kuma ta aske gashin hannuna. Daga nan 6000 sau talatin, sai fata sau hamsin, nan kuma baya ne a gaba.

Alhamdulillahi, na gode wa wanzamin unguwarmu da ya ce in fara duba dutsen.