Yadda Mai Ɗaga Ƙarfe Zai Sha Kiriyatin Ya Ga Amfaninsa

Kafin ka sayi robar kiriyatin (creatine), wato garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙara ƙarfin tsoka, ya kamata ka san abin da za ka zuba a cikinka. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam, domin hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram 1 a kullum, muna kuma samun wani daga nama da kifi. Masanin kimiyya Bafaranshe Michel Eugène Chevreul ne ya fara gano shi a cikin nama a shekarar 1832, amma sai bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992 'yan wasa suka rungume shi sosai.

Kusan kashi 95 cikin 100 na kiriyatin ɗin jiki a tsoka yake ajiye, kuma aikinsa shi ne gaggauta mayar da makamashin da tsoka ke ƙonawa a lokacin yunƙuri mai tsanani na kimanin daƙiƙa 10. Idan ma'ajiyar ta cika, mutumin da ƙarfinsa kan ƙare a ɗagawa ta takwas yana iya kaiwa ta tara ko ta goma. Wannan ƙarin, idan ya taru mako bayan mako, shi ne yake zama ƙarfi da kaurin tsoka. Saboda haka wanda ba ya zuwa atisaye a kai a kai, ko ba ya ƙara nauyin da yake ɗagawa sannu a hankali, kuɗinsa kawai zai zubar.

Wajen saye, nemi wanda aka rubuta creatine monohydrate a jikinsa, domin a kansa aka fi yin bincike, shi ne kuma ya fi araha. A Najeriya ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji garin da ake aunawa a leda ba tare da sunan kamfani ba.

Hanyoyin sha biyu ne. Ta farko ita ce a sha giram 20 a rana, a raba shi kashi huɗu na giram 5, har kwana 5 zuwa 7, daga nan a koma giram 3 zuwa 5 a kullum. Ta biyu ita ce a fara da giram 3 zuwa 5 tun ranar farko, tsoka kuwa za ta cika cikin kusan mako 4. Duk wuri ɗaya suke kaiwa, amma ni na fi son ta biyun, saboda shan mai yawa lokaci guda yakan kawo wa wasu kumburin ciki ko gudawa, ga shi kuma babu wata gaggawa da ta sa a wahalar da ciki. A dama garin a ruwa ko kunu, a shanye nan take, gara kuma tare da abinci. Sa'ar da aka sha ba ta kai muhimmancin sha kullum ba, har ranakun hutu. Mai azumi ya sha bayan buɗa-baki.

Kada ka firgita idan sikeli ya nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2 a makonnin farko. Ruwa ne tsoka ta jawo, ba kitse ba. Ka riƙa shan ruwa isasshe, musamman idan kana atisaye cikin zafin bazara.

Maganar ƙoda ita ce ta fi tayar wa mutane hankali, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Binciken da aka yi a kan masu lafiya da ke shan adadin da aka ambata bai nuna yana lalata ƙoda ba. Sai dai jiki yana mayar da shi wani sinadari mai suna kiriyatinin, wanda likitoci ke aunawa a jini don sanin lafiyar ƙoda, don haka sakamakon gwaji yana iya ɗan hawa ko da ƙodar lafiyarta ƙalau. Ka gaya wa likita kana sha kafin a ɗebi jininka. Mai ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko hawan jini, da mai juna biyu, da yaron da bai kai shekara 18 ba, kada su fara sai sun tuntuɓi likita.

Idan ka daina sha, ma'ajiyar tsoka za ta koma yadda take a cikin mako 4 zuwa 6, nauyin ruwan nan kuma zai sauka.